Igiya ta Tara

Cikin duk kayan da na taɓa hawa jirgi da su zuwa Guangzhou, wato Gwanzu a bakinmu na 'yan kasuwa, babu wanda ya ba ni kunya kamar wani ƙullin igiyar rama. Mutane na zuwa da samfurin yadi, wasu da hoton kaya a waya, wasu da zanen injiniya. Ni kuwa igiya na zo da ita, a cikin ledar burodi.

Sana'ata kayan gini ce, su tayil, ƙofofi, tagogi, kan famfo. Shagona na Kano, amma asalina wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, kuma gidanmu gidan magina ne. Kakana shi ya gina masallacin garin, shi ya gina zauren dagaci, shi kuma ya gina wani ƙaramin cocin Angalikan da ke kan hanyar rafi. Lokacin da 'yan mishan suka zo da ɗakin shan magani, mabiyansu ba su cika tabarma uku ba, siminti kuwa sai a birni. Aka ce a nemo magini. Kakana bai taɓa ganin coci ba, balle ya san kamanninsa. Ya tambayi Baturen ina ɗakin zai fuskanta, Bature ya ce gabas. Kakana ya ce to ai magana ta ƙare, shi ma gabas ya saba. Ya tayar da ginin yadda yake tayar da masallaci: tubali, bango mai kaurin kamu biyu, ginshiƙai huɗu, bakan gizo daga wannan zuwa wancan, azara a sama. Tagogi ne kaɗai Baturen ya kafe a kansu, ya ce a yi su dogaye masu kan baka, huɗu a kudu, huɗu a arewa. Kakana bai san tef ba. Da kamun hannunsa ya auna, da ido ya gyara, shi ya sa cikin takwas ɗin nan babu biyu da suka zo daidai.

Ni ban gaji komai a sana'ar ba. Ko tubali ɗaya ban iya murzawa. Cocin ma daga waje na san shi, don muna yara ta gefensa muke bi mu je wanka, amma ban taɓa sa ƙafata ciki ba.

Wanda ya ɗora mini wannan kaya shi ne tsohon katikis, wato malamin cocin, maƙwabcinmu, abokin mahaifina tun suna kiwon awaki. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai jikan magini. Da na je gida kafin tafiya ya aiko a kira ni. Ya ce gara ta cinye ƙyauren tagogin karo na biyu, ruwa na shiga yana jiƙa bango. Dattawan coci sun zauna, matasa sun ce sun gaji da katako, a sayo na alminiyam irin na China, kamar yadda kowane coci ya yi. Ɗan kwangilar da suka kira ya duba ya ce tagar alminiyam tana da awonta, bango za a sare ya bi ta. Ya ƙara da cewa in har za a fara sarar bangon ƙasa, gara a rushe gaba ɗaya a sa bulo.

"Na roƙe su sun ba ni zuwa faɗuwar ruwan farko," in ji Baba. "In ka samo tagar da za ta shiga ramin kakanka ba tare da an taɓa bango ba, gini ya tsira. In ba ka samo ba, zan yi shiru."

Sai ya jawo ledar daga ƙarƙashin kujera. Kowace taga da igiyarta. Daga bakin igiya zuwa ƙulli na farko, faɗin ƙasa ke nan. Na biyu faɗin sama, don bangon ba a miƙe yake ba. Na uku tsayi, na huɗu tsakiyar baka. A wutsiya kuma ya ɗaura zare, ja na kudu, baƙi na arewa. Na ce, "Haba Baba, ba tef a garin nan ne?" Ya ce tef ɗin ɗan kwangila ne, kuma shi bai yarda da abin da mutumin zai karanta ya rubuta masa ba, igiya kuwa ba ta san ƙarya ba. Na karɓa ina dariya. A raina na ce wannan aikin yini ɗaya ne, ni da nake loda kwantena.

Tabɗi! Kwana shida na yi ina yawo da ledar nan. Na fara da Pazhou, don lokacin baje koli ne, duk masana'antun da na sani sun kafa rumfa. Na shiga wurin lawban, wato mai masana'antar da na shekara bakwai ina sayen tagogi a hannunsa, ya zuba mini shayi, ya tambayi iyali, na zazzage igiyoyi a kan teburinsa na gilashi. Ya dube su, ya dube ni. Ya ɗauka tsafi ne, wallahi, don har kujerarsa ya ɗan ja baya. Da na yi masa bayani ta manhajar fassara sai ya tambaya guda nawa nake so a kowane awo. Na ce ɗaya. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Meyo, meyo." Babu ke nan. Kalmar nan na sha ta a kwanakin nan har ta ishe ni. Wani ya ce in kawo zane da milimita. Na zauna a masaukina a Sanyuanli na auna igiyoyin da tef na rubuta, na koma. Ya ce to, amma injinsa ba ya tashi don taga takwas, kowace da kanta daban. Wata mata ta ba ni shawara cikin tausayi, ta ce ai abu mai sauƙi ne, a gyara bangon. Na ce mata na gode, na fita kafin bakina ya kuɓuce.

Ni mutum ne mai saurin hawa, na san halina. Ran Juma'a, da aka sallame a Masallacin Huaisheng, na tsaya a bakin titi ina ta zazzaga wa wani abokina faɗa kamar shi ya yi mini laifi. Abokin nan nawa ɗan zangon Kumasi ne, shi ke yi mini lodin kaya, mutum ne mai sanyi kamar randa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ka ci abinci kuwa?" Na ce ban ci ba. Ya ce ya gani a fuskata. Ya kai ni muka sha taliyar Musulmin arewacin ƙasar, irin wadda ake ja da hannu, sannan ya ce mu taka zuwa bakin kogi in huce. Ya ce akwai wani tsibiri, Shamian, inda Turawa suka zauna a da, har da coci irin na mutanen Babana. Na ce me zan yi da coci, ni da tagarsa ta hana ni sakat? Ya ce, "To je ka ga yadda nasu ya kwana."

Shekara nawa ina zuwa garin nan, ban san da wurin ba. Iyakata kasuwa, masauki, masallaci. Ka haye wata 'yar gada kawai sai hayaniya ta yanke. Manyan itatuwa masu saiwa a rataye, tsofaffin gidaje masu baranda, amare da angwaye an yi musu kwalliya ana ta ɗaukarsu hoto, tsofaffi na motsa jiki a inuwa. Cocin na can gefe, kuma abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsa. Na zaci zan ga wani dogon abu mai tsini. Ashe bai fi na ƙauyenmu da wani abin kirki ba. Ɗaki ne guda, dogo, da 'yar hasumiya a kan ƙofar shiga, an ɗaga dandamalinsa daga ƙasa saboda kogi. Tagoginsa kuwa dogaye masu kan baka, suna kallon juna ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Na tsaya na riƙe ƙugu. Wato abin da Baturen can yake ta ƙoƙarin kwatanta wa kakana ke nan, shi kuma ya fassara masa da jar ƙasa.

Akwai allo a jikin katanga, abokina ya karanta mini na Turancin. 'Yan kasuwar Ingila ne suka zauna a tsibirin, suka yi ɗakunan ajiya da ofisoshi, suka gina wannan don ibadarsu. Zamani ya juya, suka tafi, aka rufe shi shekaru masu yawa, daga baya aka sake buɗewa, yanzu Kiristocin garin ke sujada a ciki. Na ce ikon Allah, ashe kowane fatake halinsu ɗaya. Masallacin da muka baro ɗazu ma fatake ne suka kafa shi, tun kafin waɗannan da nisa. Mutum ya zo neman riba, da ya ga zaman zai yi tsawo sai ya nemi inda zai sa goshi ko gwiwa.

Ƙofar gefe a buɗe take, ana jin ƙarar goge katako daga ciki. Abokina ya leƙa ya yi gaisuwa, aka amsa, aka yafito mu. Ni kuwa da na zo bakin ƙofa, ƙafata da kanta ta zare takalmi. Ban ma san na yi ba. Ɗakin ibada ne, to me ake jira? Na jera su a kan matakala na shiga da safa. Abokina ya shiga da nasa ƙwas-ƙwas, yana ƙunshe dariya, bai gaya mini cewa ba a cire takalmi a nan ba, ɗan banza.

Ciki fayau yake, ba tarkace. Bencina a jere, farin bango, bagade a can gaba, haske na zubowa ta tagogi. Wani tsoho ne a durƙushe kusa da taga, ya ciro ƙyaure guda ya kwantar a kan benci biyu, yana sauya masa 'yan filayen katakon da suka ruɓe. Siriri ne, da fensir a bayan kunne. Na ce masa ni hau, wato sannu da yarensu, ya amsa, idonsa na kan safata. Ban ankara ba na riga na kai hannu jikin bango ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ina kasa kunne. Haka mahaifina ke yi duk ɗakin da ya shiga, ko gidan suruki ne, don ya ji ko bangon na da rami a ciki. Daga nan na ɗora gwiwar hannu a dakalin taga na auna kaurin. Tsohon ya ajiye abin gugarsa ya zuba mini ido.

Ana haka ruwa ya tsuge, irin na Gwanzu da ba ya sallama. Tsohon ya miƙe da sauri ya fita, sai ga shi ya dawo riƙe da takalmana, ɗaya a kowane hannu, yana kakkaɓe su. Kunya ta rufe ni. Tsoho sa'an ubana ya ɗauko mini takalmi! Na karɓa da hannu biyu ina ta shiye-shiye, wato godiya, har na rasa sau nawa na faɗa. Ya yi magana a wayar abokina, waya ta fassara: yana tambaya ko a ƙasarmu haka Kirista ke yi. Na ce a'a, ni Musulmi ne, ƙafar ce ta saba. Ya ce to me ya sa nake ƙwanƙwasa musu bango, ko ni magini ne? Na ce jikan magini dai. Tunda ruwa ya tsare mu, kuma bakina ya buɗe, sai na kwashe labari duka na ba shi, waya na yi mana tafinta, rabi daidai rabi shirme. A ƙarshe na ciro ledar burodin, don tana cikin jakata ko'ina na je.

Wannan tsoho bai ja kujera baya ba. Ya warware igiya ɗaya, ya bi ta da yatsa, ya tsaya a ƙulli na farko ya buɗe hannuwa alamar faɗi. Ya kai na biyu, ya ɗan tsuke hannuwan, ya dube ni yana murmushi, wato ya gane bangon ya ranƙwafa. Ban ce masa uffan ba ya karance ta tas. Sannan ya je bayan ƙofa ya ɗauko wasu sanduna sirara, kowace da zane-zanen fensir a jiki. Nasa awon ke nan. Ya ce tagogin nan ma da ake gani kamar ɗaya, ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu shekara da shekaru, kowace ta ɗauki halinta, don haka kowace da sandarta. Ya ce ba a taɓa sare bango don ƙyaure ba, ƙyaure ake yi wa bango. Wallahi sai na ji kamar in rungume shi.

Na ce matsalarmu gara. Wayar ta kasa fassara gara, sai da na kwaikwayi cin katako da haƙora, abokina na neman faɗuwa don dariya. Tsohon ya gane. Ya ɗauko wani guntun katako ya kai mini hanci. Ƙamshin kafur ne, irin wanda iyayenmu mata ke sawa a akwatin tufafi. Ya ce ƙwari ba sa son sa, kuma ƙaninsa na da ɗan wurin aikin kafinta a bayan gari, ba ya ƙin aikin guda ɗaya.

Ya shimfiɗa igiyoyin a kan benci yana ƙirgawa da yatsa. Na ɗaga masa yatsu takwas. Ya girgiza kai, ya nuna tara. Na ce takwas ne, ni da na kwana shida da su. Sai ya ɗaga 'yar guntuwar igiyar da aka ɗaure ƙullin da ita, wadda kullum nake kwancewa in yar a gefe in sake ɗaurewa. Ya miƙe ta a tafin hannunsa. Ƙulli huɗu ne a jikinta, ƙanana, a matse, da farin zare a wutsiya. Kai! Sau biyu na kusa barinta a teburin masu alminiyam.

Nan take na kira Baba, a gida hantsi ne. Na ce, "Baba, wannan 'yar ƙaramar fa?" Ya ce, "Au, sai yau ka gan ta? Ta yamma ce, can sama da ƙofa." Na tuna ramin, muna yara mun ɗauka na tattabaru ne. Ya ce ɗan kwangila ya ce a toshe shi, ba shi da amfani. "Ita kada a yi mata ƙyaure. Farin gilashi kawai, wanda ba ya rage haske." Na ce don me? Ya ce in na zo na gani, katinsa ba na hira ba ne. Na ce ai ni na kira. Ya ce duk da haka.

Sati uku aikin ya ci. Ƙanin tsohon ya mayar da kowace igiya kan sanda, don ya ce rama na miƙewa in ta sha danshi, ya kuma bar rarar yatsa guda a kowane gefe, a goge a can in an zo sawa. Na ƙara kwanaki a Sanyuanli ban ji haushi ba. Ranakun da ba ni da lodi sai in hau jirgin ƙasa in tafi tsibirin, in zauna a benci na baya ina kallon tsohon na aiki. Ba ma wata hira. Ya ba ni shayi a murfin kwalbarsa, ni kuma na kai masa dabino. Takalmi dai ban daina cirewa ba, shi kuma ya tanadar mini wani kwali a cikin ƙofa inda ruwa ba ya kaiwa. Abokina ya cusa tagogin a kwantenar tayil ɗina, ya naɗe su da bargo kamar jarirai.

Sun isa ƙauye saura kwanaki hadari ya fara haɗuwa. Matasan da suka ce sun gaji da katako suka zo suka tsaya. Da suka ga rubutun Sinanci a jikin kwali, suka shaƙi ƙamshin, babu wanda ya ƙara ambaton alminiyam. Kaya dai daga China suka zo, magana ta mutu. Wata Asabar kafintan garin ya sa su. Biyu sai da aka ƙara gogewa, shida suka shige kamar a nan aka haife su. Ko ɓarɓashin ƙasa bai faɗo daga bango ba.

Ranar ce na fara shiga ginin kakana, ina da furfura a gemu. Na bar takalmi a waje. Sanyi ya dake ni, da ƙamshin tsohuwar ƙasa. Na ɗaga kai na ga bakan gizon nan sun haɗu a sama, sak na masallacinmu, har da shatin yatsu a jikin yaɓe inda hannu ya bi. Na ɗora tafina a kan wani shati. Nawa ya fi shi ƙanƙanta.

Ta taran aka sa a ƙarshe, da tsani. Baba ya sa aka kawo mana kujera biyu, ya ce in zauna in yi shiru, abin da bai taɓa yi mini sauƙi ba. Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Can sai wani siririn haske ya faɗo ta 'yar tagar, ya sauka a daɓe kusa da ƙofa, ya fara rarrafe zuwa ciki a hankali.

"Kakanka ya fi wata biyar yana aiki a cikin ɗakin nan," in ji Baba. "Da aka rufe sama, ba ya ganin rana, ba ya jin ladan saboda kaurin bango. Sau biyu azahar ta wuce shi. Shi ne ya huda wancan, bai tambayi kowa ba. In hasken ya taɓa gindin ginshiƙin nan, sai ya sauko ya wanke hannu. Baturen ya ce a toshe in an gama, ubana ya ce a bari. Mu ma ya yi mana rana. Duk mai wa'azin da hasken nan ya kama a tsaye, ya san mata sun fara tunanin tukunya."

Na yi dariya. Muka zuba wa daɓen ido, ni da shi. Hasken ya haye ƙafar benci, ya ratsa wata tsaga, ya zo ya taɓa gindin ginshiƙin. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya jawo buta daga ƙarƙashin kujerarsa, cike da ruwa, ya miƙo mini.

"Tashi, jikan magini, lokacinka ya yi."

Na fita na tsuguna a gindin bangon yamma. Ina cikin wanke hannu na biyu ladan ya ɗaga murya daga masallacin cikin gari.